Jant Huɗu Suka Rufe Mini Baki

Wannan abu ya ba ni wahala, kuma har yau bai sake ni ba. Ni ba mai ilimi ba ne, aji uku na yi a lekol na gudu, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin ya faru ina da ɗan garaj a Zongo, nan Yamai, kuma an san ni da ido a kan tsofaffin motoci. Mutum zai ga an sa mota a shafin sayarwa cikin waya, ya kawo mini hotunan, in ce masa je ka gani, ko kuwa kada ka ɓata man babur ɗinka. In na ga an ɗauki mota jiƙe da ruwan wanki, na san fenti ake ɓoyewa. In hoto goma ne duka gefe guda, to ɗaya gefen ya sha duka. In an rubuta wai motar wata tsohuwa ce, ba ta fita da ita sai juma'a, dariya nake yi, don tsohuwar nan ta gama sayar wa garin nan motoci. Ina ji da wannan ido nawa, har ya yi mini yawa.

Kafin in buɗe garaj na yi shekaru ina tuƙa wani dattijo ɗan Damagaram, ma'aikacin gwamnati, wanda yanzu ya ajiye aiki yana zaune a Koira Kano. Baba nake ce masa, kuma ya ci sunan, don shi ya yi mini walicci ranar aurena. Wata rana ya kira ni gida ya miƙo mini waya. Wata farar mota 504 ce aka sa a kasuwa, irin wadda ya fara mallaka yana saurayi, irin wadda ya ɗauko matarsa Hajiya a ciki tana amarya. Ya ce so yake ya sake tuƙa irinta da hannunsa kafin ido ya ƙi. Hoto shida ne, babu na ciki, babu na ƙasa. Da wani ne ya kawo mini, da nan take na kashe maganar. Amma idona ya faɗa kan ƙafafunta. Jant ne, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, na alminiyam masu yatsu biyar, irin waɗanda na daɗe ina nema wa tawa motar ban samu ba. Baba kuwa ya tsuke baki, ya ce su kaɗai suka ɓata masa ita, wai sun mai da ita kamar tsohuwar da ta sa takalmin ƙwallo. Na ƙarfe yake so, da murfinsu, yadda aka ƙera ta. Ya ce in an saya in cire su in ɗauka, shi ba ya son ganinsu.

Na haye kogi na je Lamordé, inda motar take, ni kaɗai don in duba. Ina buɗe ƙofa na ji warin dauɗar ruwa ƙarƙashin turaren da aka fesa. Na ɗaga shimfiɗar ƙasa na tarar da busasshiyar laka. Na kwanta na shiga ƙarƙashi, na ga an shafe shasi, wato ƙarfen ƙasan motar, da baƙin kwalta sabo. Na kankare da makulli, tsatsa ta zubo mini a fuska. Bututun birki kuwa duk sun yi ƙuraje. Ban buƙaci a gaya mini ba, motar nan ta kwana cikin ruwa shekarar da kogi ya cika ya shiga gidajen unguwar. Dillalin da ke sayar da ita ya ga na gane, sai ya tayar da inji yana ce mini maigida saurara ka ji, kamar agogo. Gaskiya injin lafiya lau yake. Na tsaya ina kallon jant ɗin nan suna ƙyalli, ina gaya wa kaina ai ni makanike ne, in ta zo hannuna zan canza bututun, shi ke nan. Da na koma, Baba bai tambaye ni inji ko fenti ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko zai iya sa Hajiya a ciki hankalinsa kwance. Na ce masa zai iya.

Ranar da aka kawo ta na cire jant na sa wa tawa, na sa masa na ƙarfe. Bututun birki kuwa na ce gobe. Goben nan ba ta zo ba, kuma ba mantuwa na yi ba. In na ce ya bar mini mota in canza su, sai ya tambaye ni me ya sami motar da na yaba jiya. Sati uku ina yawo a Zongo, abokai suna kirana ango, suna cewa tsohuwar motata ta sami sabbin haƙora.

Wata asabar da hantsi Baba ya ɗauki Hajiya za su suna. Suna gangarowa daga gada ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Gabansa akwai mai babur da mace a baya, sai ya karkata ya daki siminti. Shi goshi ya fashe, Hajiya kuwa ƙugunta ya karye. Na same su a asibiti da la'asar. Babban ɗansa ya tare ni a baranda, ya tambaye ni ko ba ni na duba motar ba, ina idon da ake ta faɗa. Kafin in buɗe baki Baba ya daka masa tsawa, ya ce kada ya ƙara, babu mai ganin cikin ƙarfe, kuma yaron nan da ya ga wani abu da ya faɗa. Yaron nan ni ne, da furfurata. Har ya kama hannuna yana ba ni haƙuri a kan maganar ɗansa. Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne, hotunan banza ba su taɓa ruɗa ta ba, kuma ranar nan ma ba su ruɗe ni ba. Na ga komai. Ku masu sayen tsohuwar mota a waya, ku nemi hoton ƙasa, ku ɗaga shimfiɗa, ku sunsuna. Amma kafin duk wannan ku dubi wanda kuka aika, ku tabbata ba shi da ko ƙusa ɗaya da zai samu in cinikin ya faɗa. Ku kuma ƴan'uwana masu garaj, in kuna son wani abu a jikin mota, ku ce a aiki wani. Hajiya har yau da sanda take tafiya.

Washegarin haɗarin ban buɗe garaj ba. Na koma asibiti na sami Baba zaune kan benci da bandeji a kai. Na durƙusa na gaya masa lakar, da kwaltar, da bututun, da dalilin da ya sa na yi shiru. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce ba shi zan gaya wa ba, ai shi ga shi zaune, in shiga in gaya wa wadda take kwance. Na tashi na cire takalmi a bakin ƙofa, na yi sallama na shiga.