Uku Cikin Biyar a Ard al-Liwa

Shekarar da yaƙi ya koro Hausawan Sudan zuwa Alƙahira, ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna birnin ta tashi gyaran tsarin mulkinta. Ni ɗan kasuwa ne, tufafi nake sarowa a kasuwar Ataba ina aikawa Damagaram, amma da yake na taɓa leƙa ajin shari'a a Yamai, aka cusa ni cikin kwamitin.

Mai riƙe da alƙalami wani ɗalibi ne da ke neman digiri na uku, maƙwabcina a unguwar Ard al-Liwa, bene ɗaya muke. Bincikensa kan farkon kafuwar Amurka ne, kuma abin ya hau masa kai. Ko shayi ka zuba masa sai ka ji yadda mutanen can suka raba iko gida uku. Duktur muke ce masa tun ba a ba shi ba, shi kuwa bai taɓa cewa a bari ba.

A ƙasan benenmu akwai ɗakin da ƙungiya ta kama haya ana koya wa yara karatu. Wani dattijo Bahaushen Sudan, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, nan yake kai 'ya'yansa mata. Ba su da iƙama, wato takardar zama, saboda haka duk faɗin birnin wannan ɗakin ne makarantarsu. Da ya ji 'yan Madinat Nasr na son a mayar da ajin unguwarsu, sai ya fara zuwa taro don a ji ta bakinsa.

Rigimar kuwa a kan kujerun wakilci a ƙungiyar take. Ana raba su bisa yawan mutanen kowace unguwa, ga shi baƙi sun cika tamu. 'Yan Madinat Nasr suka kafe ba za a ƙirga mara iƙama ba. Sai Duktur ya miƙe yana murmushi, ya ce ai an taɓa warware irin wannan. Lokacin da jihohin kudancin Amurka suka nemi a ƙirga bayinsu don su sami kujeru a majalisa, na arewa suka ƙi, sai aka sasanta: kowane mutum biyar a lissafa su uku, amma ba su da ƙuri'a. Ya ce mu yi haka.

Wannan abin malaminmu na Yamai a matsayin abin kunya ya karantar da mu shi. Yau ga baƙin mutum, a garin da yaran titi ke tsokanar mu duka kan launin fatarmu, ya ɗauko shi ya goge yana tallarsa, manya da gemu suna gyaɗa kai suna cewa tamam. Na yi magana, aka ce in bar masu ilmin abin su yi.

Dattijon ya tashi a hankali ya ce, "Ya Ustaz, mu biyar ne a gidana. Ni, da uwar yara, da 'yan mata uku. Su wa ka cire?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Baba, lissafi ne kawai, ba mutum ake nufi ba," in ji Duktur. "Su ma ai daga baya sun gyara."

Bai faɗa masa sai da aka zubar da jini kafin a gyara ba, alhali zubar da jini dattijon ya baro a ƙasarsa.

Aka kaɗa ƙuri'a, muka sha kaye. Da kawunan baƙin, unguwarmu ta ƙara kujeru, da kujerun Duktur ya zama shugaba, ladan goyon bayan 'yan Madinat Nasr kuma ya miƙa musu ajin. Ranar da aka yanke wannan, dattijon ya ɗaga hannu har ya gaji, sakatare ya tuna masa cewa shi baƙo ne. Ba mai sa 'ya'yansa a mota su ratsa birni ba takarda, kowa a ɗakin ya san haka.

Asabar ɗin da ta biyo baya ina fita kasuwa na tarar da ƙaramar 'yar dattijon a bakin ajin, da jakarta a baya, tana taɓa kwaɗon da aka garƙame. Ta ce, "Kawu, malam ne ba shi da lafiya?" Na nuna mata matakala, na ce ta hau ta ƙwanƙwasa wa shugaba ta tambaye shi. Ta gyara jakarta ta fara hawa.