Makiyayi Ba Garke

Motar wani Bature ta mutu a tashar Tambuwal, shekara uku da samun 'yancin kai. Jumare, wanda ciwon bushiya ya kashe wa shanu bara, yana gindin tsamiya yana kallonsa.

Baturen dogo ne mai furfura, rana ta ƙona masa wuya jawur. Ya gicciya sanda mai kan ƙarfe a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kai, sak tsayuwar makiyayi. Can sai ya ajiye goriba a ƙasa, ya daɗe yana auna ta. Ya kai duka, sandar ta kwashi ƙasa, goribar tana nan inda take. Bai sake gwadawa ba.

Jumare ya matso ya yi masa jaje. "Allah shi maida alheri, Bature."

Direban motar ya yi dariya. "Baffa, ba ya da shanu! Mutumin Suwidin na. Ƙwallon golf shika bugawa da sandag ga, da ita ya ci abinci shekara ashirin."

Jumare bai yi dariya ba. "Ko mi shika kiwo, ya ƙare."