Cikin Ruhewa Ranar Jan Hadari

Wata Lahadi ce a watan bakwai na manoma, shekarar da na shiga aji uku a lakwal, wato makarantar boko ta garinmu, da ke arewa da Tawa, kan hanyar Affala. Muna tsakar gida ni da ƙawayena muna 'yar carafke da ƙwallon aduwa, sai awaki suka fara shigowa a guje tun la'asar ba ta yi ba. Da na ɗaga kai sai na ga gabas ta yi jawur daga ƙasa har sama, kamar an gina katangar jar laka a bayan gari. Mata suka shiga kwashe shanya, kowa na ƙwala wa nasa kira. Inna ta saki taɓarya cikin turmi ta ce, "Rabi, taho maza ɗiyata, jan hadari na tahe!"

Ni da fuka aka haife ni, don haka da ƙirjina na san iskar kowane lokaci tun ban san sunayen watanni ba. Iskar kaka mai ƙamshin sabon gero ba ruwanta da ni, sai dai ranar sussuka in ƙaiƙayi ya tashi. Da ɗari hayaƙin karan da muke jin ɗumi da shi kan sa ni tari. Zafin bazara kuwa sai wanda ya gani, duwatsun Adar su gasu har ba a taka su ba takalmi, malaminmu, da muke kira mushe, ya kwashe mu zuwa inuwar iccen bedi muna karatu muna gyangyaɗi. Duk waɗannan da sauƙi. Babban abokin gabana shi ne wannan guguwar ƙura da ke shigowa gaban ruwan fari. Tsofaffi murna suke yi da ita, suna cewa, "Jan hadari ɗan aiken damina ne." Ni kuwa in ta cika ɗakinmu ta kafar asabari, numfashina sai ya koma kamar kukan ɗan kyanwa. Akwai shekarar da har aka fara salati a kaina, ga asibiti can Tawa, ba abin hawa sai amalanken jaki.

Baba yana bida, wato ci-rani, a Abijan kamar yawancin mazan garinmu, sai ruwa ya sauka yake dawowa. Saboda haka Inna ta nemo tata dabarar. Muna da ruhewa biyu a bayan ɗaki, manyan rumbunan nan na laka masu baki a sama, kuma kafin watan bakwai ɗaya ta riga ta zama fanko. Inna kan share ta tas, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarma. Da hadari ya taso sai ta goya ni, ƙatuwa da ni, ta hau tsani, ta zura ni ciki da igiyar guga, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen zane, ta kifa 'yar jinkar ciyawa a kai. Ciki duhu ne da sanyi da ƙamshin ɗanyar laka, iska na ruri a waje ni kuwa ina numfashi lafiya lau. Yara suka sa mini suna "amaryar ɓera", na yi ta dambe a kan sunan nan har na gaji na karɓe shi.

A zatona in Inna ta rufe ni ɗaki take komawa wurin ƙannena. Ranar Lahadin nan iskar ta fi ta kullum ƙarfi, ina jin darni na faɗuwa, kwanuka na gudu a tsakar gida, jinkar na rawa kamar za ta tashi. Can sai na ji tari daidai bisa kaina. Na ce, "Inna, ke ta?" Ta ce, "Ni ta. Yi kurum ki ja numhwashi sannu. In na saki, iska na ɗauke ta." Ashe duk shekarun nan a kan tsani take tsayawa, ta rungume jinkar da hannu biyu, ta ba hadari baya har ya wuce. Da yayyafi ya fara ta buɗe, na gan ta ja tun daga kallabi har gira, ciyawa ta yayyanke mata damatsa, idanu sun kaɗa. Na fashe da kuka, ita kuwa dariya ta yi ta ce, "Mi na na kuka? Ƙura ai abincin ɗan Adar ta. Hito, gobe shibka." Kwanaki ta yi tana tofar da jan yawu, ba ta fasa zuwa gona ba.

Yau a Tawa nake zaune, gidan siminti mai tagogin gilashi, maganin shaƙa na cikin jakata, rediyo kan faɗi zuwan hadari tun da safe. Ruhewar nan ta rushe bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, hatsi ma yanzu a buhu ake ajiye shi. In gabas ta yi ja, 'yan kabu-kabu suka naɗe fuska da rawani, da yatsa ɗaya nake tura tagata ta rufu, ta zauna ita kaɗai ba mai riƙe ta daga waje. Sai in tsaya a bayanta ina kallon ƙura, kewa ta cika ni. Har yau ban shaƙi iska mai daɗin waccan ta cikin ruhewa ba.