Mai Buɗe wa Jirage Ƙofa

Mai Ƙofa ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa idan ya ɓata mata rai. Tun yana saurayi yake tsaron ƙofar ƙarfen da ke kan hanyar ruwan da aka haƙa don jirage su kauce wa duwatsun kogi. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka haƙa ta da diga da shebur, aikin da ya ranƙwafar da shi har ya mutu. Idan jirgin kaya ya iso ya yi oda, sai Mai Ƙofa ya fito daga ɗan ɗakinsa mai warin giris, ya kama sitiyarin ƙarfe ya yi ta juyawa har ruwa ya cika, jirgi ya ɗago ya wuce. Matuƙa sukan tsokane shi, "Yau ma ƙofar nan ta fi ƙarfinka!" Shi kuma ya ce, "To ku sauko ku gwada mana."

Da aka shimfiɗa kwalta a gefen kogin, kaya suka koma kan manyan motoci, jirage suka ɗauke ƙafa. Yashi ya taru, ciyawa ta rufe ruwan. Shi dai bai fasa shafa wa ƙofar giris ba.

"Malam, wa kake jira?" in ji matarsa. "Ko kwaɗi ne za su yi maka oda?"

Ya ce ai an yi alkawarin kawo injin yasa. An kuwa kawo shi, aka sha tafi da jawabi, ya ɗan taɓa aiki ya lalace. Nan aka bar shi har tsatsa ta ci gindinsa ya kwanta a laka. Matar Mai Ƙofa kuwa ba ta ga daminar gaba ba.

Wata safiya ɗansa, direban tifa, ya tsaya a bakin ɗaki yana sosa ƙeya.

"Baba, kamfaninmu aka ba aikin cike wurin nan. Tashar mota za a yi."

"Kai za ka zuba ƙasar?"

"In ban zuba ba, wani zai zuba."

Tsohon ya ce, "Ka karya kuwa?"

Shi aka roƙa ya buɗe ƙofar don sauran ruwan ya tsiyaye. Ya juya sitiyarin shi kaɗai, ya hana kowa kama masa. Ruwan ya fita baƙi wuluk, yana wari. Kafin la'asar tifofi sun fara juye jar ƙasa.

'Yarsa ta ɗauke shi zuwa gidanta, ta ba shi ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabta. Abinci sai an matsa masa, magana sai an tambaye shi. Sau ɗaya ɗan ya kai shi ya ga wurin. Tsohon ya tsaya tsakanin motoci da hayaƙi yana waige-waige, ya kasa gane inda ƙofar take. Wani direba ya daka masa tsawa ya kauce daga hanya. Ya kauce, ya ce wa ɗansa, "Mai da ni gida, ƙafata na ciwo."