Gangar Kawu Barau da Jan-baki

Duk wanda ya san Kawu Barau ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya ja tsaki tukuna. Ka ce masa ina kwana, ya ja tsaki, ya dube ka sama da ƙasa, sannan ya ce, "Lafiya dai, tunda ka tambaya." Liman ma bai tsira ba. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi, kuma an ce na gado bakinsa. To yau za ku ji shi, don tun ranar sadakar uku nake cike da ku. Kun cika zaure kuna girgiza kai, wai an yi rashin makaɗi, wai ba za a sake irinsa ba. Lokacin da yake kwance yana kallon bango, ina kuke?

Makaɗin noma ne, ganga ɗaya gare shi, kuma ya fi mutunta ta a kan yawancinku. Wata ranar kasuwar Gwaram mun tsaya shiga bas za mu dawo, kwandasta ya miƙa hannu zai jefa ta but, inda aka ɗaure awaki.

Kawu ya ja tsaki ya ce, "Taɓa ta ka gani."

"Baba, ai kaya ce."

"Ta girmi ubanka. In wuri ne babu, ni ka sa ni a but ɗin."

Mutane suka ɗauka wasa yake. Haka muka taho, ganga tana kusa da ni a kujera, Kawu yana baya da awaki. Da muka sauka na tambaye shi ya hanya, ya ce shi dai maƙwabtansa sun fi nawa hankali.

A filin gayya kuwa shi ne sarki. In ya ɗora gula a kan fatar nan, ragon gari ma sai ya ga garmarsa ta yi masa kaɗan. Amma ba ya yi wa karkatacciyar kunya kiɗa. Alhaji Sabo, wanda yanzu yake da shagon maganin feshi a Birnin Kudu, ai da Sabo ne kawai, kuma kiɗan Kawu ne ya fito da sunansa. Ran nan Sabo yana huɗa yana waiwayen 'yammata masu kawo fura, kunyarsa ta tafi kamar maciji. Kawu ya tsayar da kiɗa cak, ya taka har gindin kuka inda aka ɗaure jaki, ya shiga wasa jakin, kirari da komai.

Sabo ya ce, "Haba Barau, ni fa?"

"Shi ya san hanyar gida, ba ya karkacewa. In ka koya, ka kira ni."

Daga nan feshi ya shigo. Mutum ɗaya ya goya tanki, ya zaga gona, ciyawa ta mutu. Ga tarakta, ga shanun huɗa a kowane gida. Gayya ta ragu, ta ragu, har aka daina. Ban ce ku koma wahala ba, ni ma feshin nake yi. Amma mutumin da ya tsufa yana kiran sunayen kakanninku a bakin gona, ko leƙe bai ci ba? Sau ɗaya aka tuna da shi, lokacin siyasa, aka ce ya zo ya wasa wani ɗan takara. Ya ce, "Ina gonarsa?" Aka ce ba ya noma. Ya ce, "To me zan ce ya yi?"

Ya rataye gangar a ƙusa, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, ya kwanta. Abinci sai an yi da gaske. Matarsa, Inna Delu, ta yi lallashi har ta gaji. Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Kawu ya ce, "Ai ni ma ban ce na gani ba." Shi ke nan abin da ya faɗa duk ranar.

Abin da ya tsorata ni, tsakin ne ya ɗauke. Na shiga na gaishe shi, ya ce, "Lafiya lau, Uwani, sannu da zuwa." Na fito tsakar gida na fashe da kuka. Inna Delu ta ce ita ma tun da ya fara yi mata godiya in ta kawo ruwa ta san abin ya yi nisa.

A damanar da ya kwanta ɗin, 'yar fadamata da ke bayan gari, wadda nake nomawa tun rasuwar mai gidana, shinkafa ta fara nuna, tsuntsayen nan jan-baki suka sauko mata. Kun san su, in sun taso sai su rufe rana. Na ɗaura gwangwanaye a igiya, na yi ihu har muryata ta dashe, suna ci suna kallona. Raina ya ɓaci. Na wuce gidan Kawu, na tsallake ƙafafunsa, na sauke gangar daga ƙusa.

Na ce, "Kawu, zan kori tsuntsu da ita."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ta fi zagi ciwo. Ban ga gula ba, na fizgi muciyar Inna Delu na fita. Na tsaya a bakin fadama na dinga jibgar gangar nan kamar ita ta ci min shinkafa. Ba kiɗa ba ne, duka ne. Tsuntsayen ma tashi kaɗan suka yi suka dawo.

Ina cikin haka na ji tsaki a bayana, dogo, irin na da. Ga Kawu, babu hula, takalmi wari ɗaya, yana haki, gula a hannu.

"Da muciya? Ganga tawa, da muciyar tuwo? Gari duk yana ji, za a ce Barau ne ya haukace!"

"To ai ka ce to."

"Na ce ki kori tsuntsu, ban ce ki kashe ta ba. Ba ni nan, 'yar banza."

Ya rataya ta, ya gyara tsayuwa, ya saki hannu. Jan-baki suka tashi gaba ɗaya, ya bi su da baki: ɓarayi, marasa gona, 'ya'yan ci-ka-gudu. A ranar ya cinye malmala biyu, ya ce miyar ba gishiri. Inna Delu ta yi hamdala.

Tun daga nan kafin rana ta fito yana bakin fadama. Maƙwabtan gonata suka fara roƙon ya zaga ta wajensu, daga baya har daga Kiyako ake zuwa da babur a ɗauke shi, ganga a kan cinyarsa. In an ce Barau ya koma korar tsuntsu sai ya ce, "Ba korarsu nake ba, zaginsu nake. Su ne masu zuciya, suke tafiya."

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, daɗin kiɗan ya dawo?"

"Wane daɗi? Wa ya ce miki don daɗi ake fita? Suna sammako, dole in riga su."

Haka ya yi ta yi damana bayan damana, har wadda ta wuce. Yanzu kuma Alhaji Sabo ya aiko, wai in ba shi gangar ya rataye a falonsa don tunawa. Ku gaya masa ƙusa ce ta kusa kashe mai ita, ba za ta koma ƙusa ba. In ya matsa, muciyar tana nan.

Bana jan-baki sun dawo. Na fita da gangar, gula tana hannuna, na ajiye ta na ɗauki muciya da gangan. Na yi ta dukan banza ina kasa kunne ta baya. Shiru.

Allah ya jiƙan Kawu Barau, ya yafe masa tsakinsa da zaginsa, ya sanyaya masa makwanci. Ya sa ƙwayar da ya tsare wa marayuna ta tsare shi ranar gobe. Amin.