Rumfar Kekuna a Bayan Siton Auduga

Har yau ban manta da ranar da muka yi gwajin gobara na farko ba. A farkon shekarun 1980 ne, ina jami'in kare lafiyar ma'aikata a wata masaƙa da ke Challawa.

Ga waɗanda ba su san gwajin ba, jiniya ake kaɗawa ba tare da sanarwa ba. Kowa ya kashe injinsa, ya nufi filin da ke bakin babbar ƙofa, heliman kowane sashe, wato shugaban ma'aikatan wurin, ya duba mutanensa. Na bi sashe-sashe na yi wannan bayani, kowa ya ce ya gane.

Da jiniya ta tashi, ni da manaja muna tsaye a filin. 'Yan ofis suka iso. 'Yan sashen saƙa kuwa suka yi baya a guje, zuwa rumfar kekuna da ke jingine da siton auduga, wurin da wuta za ta fara ci in da gaske ne. Suka cushe a lungun, kowa yana jan kekensa.

Manaja ya sa aka kira helimansu, Malam Ilu, ya ce daga gobe ba shi da aiki.

"Ranka ya daɗe, na gaya musu," in ji Malam Ilu. "Amma ni ma can na nufa. Daga Panshekara nake zuwa. In keken ya ƙone, da me zan zo gobe?"

Na roƙi manaja ya dakata, a dawo da rumfar bakin ƙofa, a sake gwaji. In ba su zo ba, sai a sallame shi.

"Kekuna zan ceta ko mutane?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, inda kekunan suke, nan mutanen za su zo."

Bai so ba, amma ya amince. Da aka sake kaɗa jiniya, 'yan saƙa suka riga 'yan ofis isowa. Malam Ilu ya duba mutanensa, hannunsa ɗaya a kan sirdin kekensa. A nan ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya.

Ku da kuka shigo aikin kare lafiyar ma'aikata yanzu, kafin ku zana hanyar fita, ku tambayi ma'aikaci abin da ba zai iya bari a baya ba. Can ƙafarsa za ta kai shi, ko me kuka rubuta a bango.