Mai Shiga Gaba

A shekarar 1994, da sojojin ƙabilar Kachin suka tsagaita wuta da gwamnatin ƙasar Bama, Tang Gun, ɗaya daga cikinsu, ya sauko daga daji ya fara haɗuwa da tsoho Zau Lawn, dattijon coci, wanda ya ba shi 'yarsa Roi Ja kafin damina ta fita.

Aikin Tang Gun a daji binne nakiya ne. Abin da bai faɗa wa surukinsa ba shi ne, da hannunsa ya binne wasu a hanyar da ke hawa dutse zuwa gonar shinkafarsu. Bai rubuta komai ba. Itatuwa ya riƙe a ka: nan gindin wancan, can bayan mai reshe biyu.

Ya je wurin kwamandansa neman izinin tone su.

"Kai, Tang Gun, aure ya narkar maka da kai?" in ji kwamandan. "Wuta aka tsagaita, ba a kashe ta ba. Bar su inda suke."

Kafin shekara ta zagayo, masu sarar katako suka shigo da takardar izinin ɓangarorin biyu, suka aske dutsen tas. Ruwan sama ya zo ya kwashe ƙasa. Tang Gun ya tsaya cikin kututture, bai gane ko ɗaya ba. Wata safiya ɓaunar noman Zau Lawn ta kauce hanya kaɗan, aka tsinci namanta a kan rassan gora.

Tun daga ranar, kowace safiya in za su gona Tang Gun ke shiga gaba, da tazara, yana taka ƙasa da ƙarfi.

"Ɗan nan ba shi da kunya," tsohon kan ce. "Ina aka taɓa ganin suruki ya bar uban matarsa a baya? Ko yunwa ce ke korarka?"

"Ƙafata ce doguwa, Baba."

Roi Ja ba ta taɓa yin dariya ba. Takan ƙunsa masa shinkafa a ganyen ayaba, ta tsaya har ya ɓace.

A 2011 wuta ta dawo. Bindigogin gwamnati suka tare babban titi, ba sauran mafita zuwa iyakar ƙasar Sin sai ta dutsen. Samari suka goya Zau Lawn, wanda ƙafafunsa suka mutu. Tang Gun ya ce kowa ya sa ƙafa a sawunsa.

"Yi gaba, ɗana," tsohon ya ce daga bayan mai goyonsa. "Na san abin da kake takawa. Tun ranar ɓauna na sani."

Ƙauyen duka ya haye lafiya. Suna sauke kaya a sansanin gudun hijira sai ga wani sajan Kachin da fartanya da buhun nakiya. Ya ce sojojin gwamnati za su biyo ta hanyar nan, kuma babu wanda ya san ta kamar Tang Gun.

Tang Gun ya dubi Roi Ja. Ya karɓi fartanyar.